Gwaji Kafin Biya: Yadda Gyaran Hannun Gem Ya Gaji Gyaran Rediyo a Magarya da Dungas

Galibin hannuwan gem da matasa ke buga ƙwallon ƙafa da su a gidajen gem na garuruwan bakin iyaka, irin su Magarya da Dungas, ba ƙirar kamfanin Sony ba ne, ko da yake na'urar PlayStation ake jona su. Ƙirar wasu masana'antu ne na China, da yawansu marasa waya, waɗanda suka sauka a Legas ko Kwatano, suka kwana a kasuwannin Kano, sannan suka ƙetaro Nijar a cikin kayan ƴan kasuwa. Ba sa zuwa da takardar lamuni, kuma babu ofishin da mutum zai kai ƙara in abu ya lalace. Duk da haka cinikin bai tsaya ba, abin da ke riƙe da shi kuwa shi ne al'adar gwada kaya a gaban mai saye, da kuma mai gyaran da ke zaune a gefen kasuwa. Waɗannan abubuwa biyu sun girmi gem da shekaru masu yawa, kuma a ganina su ne lamunin gaskiya da talakan wannan yanki ya taɓa samu a kan kayan lantarki.

Hanyar kayan ita ce mafarin zancen. Tsakanin 1906 da 1908 Turawan Faransa da na Ingila suka kafa alamun iyakar da ta raba wannan yanki da Daura da Kano, amma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya sake ɗaure su da igiyar ciniki. A wancan zamani gyaɗar Magarya kudu take bi, kuma motocin da suka kai ta su ke dawowa da keke da fitila da keken ɗinki. Ko bayan da gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don riƙe cinikin gyaɗa, nisa bai sauya ba: daga Magarya zuwa Yamai ya haura kilomita 900, zuwa Kano kuwa bai kai 200 ba. Mutumin Dungas kasuwar Maigatari yake ci ranar Alhamis, da naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗayan. Kayan da ya biyo irin wannan hanya, ya sauya hannu sau huɗu ko biyar, ba mai iya komawa da shi wurin wanda ya ƙera shi. Dole a tabbatar da lafiyarsa nan take, kafin kuɗi su bar hannu.

Rediyo mai batir ce ta fara mayar da wannan larura sana'a. Tun shekarun 1960, lokacin da ƙungiyoyin sauraron rediyo suka bazu a ƙauyukan Nijar, aka samu masu gyara waɗanda ba su zauna ajin koyon lantarki ba, sai dai sun zauna gaban maigida. Abin da yaro ke koya a wurin ubangidansa tsari ne: a fara da abin da ya fi sauƙi da arha, a ƙare da mai wuya. Batir tukuna, sai ƙarafan da batir ke taɓawa, sai makunni, sai lasifika, kuma ba a kai ƙarfen dalma kan allon ciki sai an kore duk waɗannan. Rikoda mai kaset ta zo ta tarar da wannan tsari, bidiyo ta zo a zamanin da finafinan Kano suka cika gari, wayar salula ta biyo baya daga 2001. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ƙara wa masu gyara kasuwa, domin duk abin da aka sayo da kuɗin Faransa ya ninka tsada a dare ɗaya.

Shi ma gem da kwaikwayo ya shigo. Na'urar Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983 ta isa ƙasashe da dama ne ta hannun masu kwaikwayonta na Taiwan da China, kuma yaran Afirka ta Yamma da yawa irin waɗannan suka fara riƙewa. PlayStation 2 ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, kuma da Turai ta gama da ita sai ta kwararo kasuwannin gwanjo. Hannunta na asali mai waya ne. Hannu marar waya ya samu karɓuwa bayan Nintendo ya fitar da WaveBird a 2002, sannan Xbox 360 a 2005 da PlayStation 3 a 2006 suka mai da shi abin yau da kullum. Ƙananan masana'antu suka cike giɓin da ya rage, suka ƙera wa tsohuwar PlayStation 2 hannu marar waya mai ƴar risiba da ake cusawa a bakin na'urar.

Wanda ya kalli yadda gwani ke bincikar irin wannan hannu zai ga tsarin mai gyaran rediyo bai sauya ba. Da batir yake farawa, domin rauninsa na kawo alamu masu ruɗi: hannu ya haɗu ya yanke, ko ya mutu daidai lokacin da injin girgizarsa ya motsa ya zuƙe sauran wuta. Daga nan sai musaya, wadda ita ce zuciyar aikin. A jona hannun da aka san lafiyarsa a baki ɗaya, a kai wanda ake zargi wata na'ura, a sauya risiba, har laifin ya rasa inda zai ɓuya. In fitilar risiba na ƙyaftawa ba ta tsaya ba, hannun da risibar ba su gane juna ba, kuma a ɗakin da hannuwa da yawa ke aiki a zango ɗaya na 2.4 GHz, wani na iya shiga hurumin wani. Maɓallin da sai an danna da ƙarfi yawanci robar ƙarƙashinsa ce ta yage, ko datti ya rufe baƙin tabon da ke haɗa wuta, kuma auduga da ɗan sifirit kan wadatar. Babbar cuta ita ce ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa sanda ba. Wannan daga ƴan na'urorin auna juyi ne da ke gindin sandar, waɗanda gogayya ke cinyewa, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa su. Nan ne kaɗai ake kunna ƙarfen dalma, sau da yawa a ciro lafiyayya daga mataccen hannu a dasa.

Akwai kuma cikas da kamfanonin suka dasa da gangan. A 2010 Sony ya fitar da sabuwar manhaja mai lamba 3.50 ga PlayStation 3, wasu hannuwan da ba su da lasisinsa suka daina aiki. PlayStation 4 kuwa takan tambayi hannu shaidar lasisi, wanda ya kasa amsawa sai ta yanke shi bayan kamar minti 8. Saboda haka gwajin minti biyu a bakin shago ba gwaji ba ne. Mai saye da ya nace sai an buga wasa guda har ƙarshe kafin ya biya yana kan daidai, ko da mai kaya ya ɓata rai.

Wasu za su ce duk wannan kwalliya ce ake yi wa jabu, araha kuwa ba ta ado; da an sayi na asali da an huta. Akwai gaskiya a ciki, domin dole a raba hannun da ya fito da sunan masana'antarsa a fili da wanda aka manna wa tambarin Sony don a yaudari mutum. Na biyun zamba ce, kuma batirin caji marar inganci da ke cikin wasunsu na iya kumbura ko ya kama wuta. Amma na asalin ma bai tsira daga cutar sanda ba. Hannun Joy-Con na Nintendo ya jawo ƙararraki a Amurka tun 2019, ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta kai ƙara a Faransa a 2020, kuma sai a 2023 kamfanin ya amince da gyara kyauta a Turai ko da wa'adin lamuni ya wuce. Wannan alfarma ba ta iso Dungas ba. A nan, na asali da na kwaikwayo teburin mai gyara ɗaya suke komawa, bambancin kawai kuɗin da aka zuba tun farko.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa sana'ar na mutuwa, tunda sabon hannu ya yi arhar da gyara bai da riba, kuma masana'antu na rufe ƙwaƙwalwar allon da baƙin ƙaro yadda ba a iya taɓa ta. Haka ne, akwai hannun da in ƙwaƙwalwarsa ta ƙone sai dai a cire sassansa. Sai dai arhar ta dogara ne da buɗaɗɗiyar hanya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har cikin Maris na 2024. A irin waɗannan watanni kayan Kano kan yi wuya su yi tsada, kuma abin da ke hannu shi ake lallaɓawa. Yaron da ya iya gano laifin hannun gem da mitar auna wuta da musaya, hannunsa ya riga ya faɗa kan gyaran waya da fitilar sola da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ya kamata cibiyoyin koyar da sana'o'i na ƙananan hukumomin Magarya da Dungas su ba gyaran ƙananan kayan lantarki gurbi kamar yadda suka ba ɗinki da walda, su kuma ɗauko malamansa daga cikin masu gyaran da ke bakin kasuwa.