Duwatsun Kagoro da Ruwan Matsirga

Ruwan Matsirga da ke faɗowa kusa da Madakiya, asalinsa daga duwatsun Kagoro yake. A yau matasa kan hau duwatsun nan don yawon buɗe ido, alhali kuwa a ƙarni na 19 ganuwa ce. Can bisa mutanen Agworok suka tsere wa maharan bayi daga Zazzau da Jama'a, domin doki, komai ƙarfinsa, ba ya iya hawan irin wannan tsauni. Sai a 1905 Turawan mulkin mallaka suka kai musu yaƙi, sannu a hankali jama'a suka sauko gindin dutse. Da layin dogo ya haɗe a Kafanchan a 1927, hankali ya karkata ga tasha da kasuwa. Duk da haka, bikinsu na ranar 1 ga Janairu sunansa Afan, wato dutse.