Ragowar hayaƙi a silinda: Yadda kwamfutar mota ke ƙiyasta abin da ba ta iya aunawa

Ragowar hayaƙi ita ce ƙonanniyar iskar da ke saura a cikin silindar inji bayan bawul ɗin fitar da hayaƙi ya rufe, wadda ke cuɗanya da sabuwar iska da man da suka shigo domin ƙuna ta gaba. Injiniyoyi kan bayyana yawanta da kaso, wato nauyinta idan aka kwatanta da nauyin duk abin da ke cikin silinda a lokacin da fistin ya fara matsawa. Babu injin da ke rabuwa da ita baki ɗaya, kuma motocin da ake sayarwa ba su da na'urar da ke auna ta kai tsaye. Ƙiyasi kawai kwamfutar mota ke yi, kuma a kan wannan ƙiyasi take ɗora yawan man da za ta fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Inda take fitowa

Injin mai bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, yana zuƙar iska, ya matse ta, ya ƙone ta, sannan ya tura hayaƙin waje. Amma fistin ba ya kaiwa rufin silinda. Akwai ɗan sarari da ake bari a sama, inda ƙunar ke farawa. A injin lita 2 mai silinda huɗu, kowane fistin yana share santimita kubik 500. Idan matsin injin 10 ne bisa 1, sararin da ya rage zai kai kusan santimita kubik 56, kuma hayaƙin da ke cikinsa ba shi da abin da zai ture shi waje.

Hanya ta biyu ta fi wuyar lissafi. A ƙarshen bugun fitar da hayaƙi akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shigar iska ya riga ya buɗe alhali na fitar hayaƙi bai rufe ba. Idan direba ya take totur sosai, wannan haɗuwa tana iya taimakawa wajen share silinda. Idan kuwa mota tana tsaye a silo, labari ya sha bamban: ƙofar iska a kusan rufe take, matsin da ke bututun shigar iska ya faɗi zuwa kamar sulusin na sarari, na salansa kuwa yana ɗan sama da na sarari. Sai hayaƙi ya juyo da baya, ya ratsa silinda har cikin bututun iska, daga nan fistin ya sake zuƙo shi. Shi ya sa a injin fetur kason ragowar kan kai wajen kashi 20 cikin 100 a silo, ya sauka zuwa wajen kashi 7 idan injin yana aiki da dukkan ƙarfinsa. A injin dizil, mai matsi da yawa kuma wanda ba a cika shaƙe masa iska ba, kason bai wuce ɗan kaɗan ba.

Amfaninta da illarta

Ƙonanniyar iska ba ta sake ci da wuta, sai dai ta sha zafi. Saboda haka tana rage tsananin zafin ƙuna, abin da ake so ƙwarai, domin da zarar zafi ya haura wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, naitirojin da oksijin na cikin iska kan haɗu su samar da iskar da ke cutar da huhu. Bayan dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970, kamfanonin motoci sun fara sa bawul na musamman da ke maido da wani ɓangare na hayaƙi daga salansa da gangan. Akwai kuma ribar mai: idan hayaƙi ya cike wani gurbi a silinda, ana iya ƙara buɗe ƙofar iska, sai fistin ya rage wahalar zuƙa.

Amma abin yana da iyaka. Ragowar tana rage saurin yaɗuwar wuta, kuma idan ta yi yawa wata ƙunar ta yi ƙarfi, wata ta yi rauni, wata ma ta ƙi kamawa, sai a ji injin yana karkarwa. Ga ta kuma da zafi, tana ɗumama sabuwar iskar, wanda zai iya sa man da ke can gefen silinda ya fashe da kansa kafin wuta ta iso shi. Wannan shi ne ƙwanƙwasar da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ba ita ce abin da kanikawa ke nufi ba idan suka ce inji ya yi nokin, ko da yake idan ta daɗe tana iya kai shi can.

Nan ne kuskuren ƙiyasi ke da tsada. Idan ragowa ta yi yawa, ƙuna na tafiya a hankali, don haka dole fulogi ya ba da wuta da wuri. Kwamfutar da ta zaci ragowar ta fi abin da ke akwai za ta kunna wuta kafin lokaci, ta jawo ƙwanƙwasa. Wadda ta zaci ba ta kai haka ba za ta makara, ƙarfin man ya bi salansa a matsayin zafi. Haka ma wajen mai: fetur na buƙatar iska kusan giram 14.7 ga kowane giram guda, kuma duk gurbin da hayaƙi ya tare, iska ba ta shige shi ba.

Yadda ake ƙiyasin

A ɗakin gwaji ana iya aunawa. Ana huda kan silinda a sa wani ƙaramin bawul mai saurin gaske da zai ɗebo samfurin iska lokacin matsawa, kafin wuta ta kama. Tunda sabuwar iska kusan ba ta da kabon dayoksaid, sai a kwatanta yawansa a samfurin da yawansa a salansa, kason ya fito. Hanya ce mai kyau, amma ba ta motar titi ba ce. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana ƙuna sau 25 a daƙiƙa a kowace silinda, kuma kwamfuta na buƙatar amsa kafin kowace ƙuna.

Mafita ita ce lissafi. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin shi ne wanda Fox da Cheng da Heywood na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts suka wallafa a 1993. Sun raba ragowar gida biyu: wadda ta maƙale a sararin saman fistin, wadda ta dogara da matsin injin, da wadda ta juyo da baya, wadda ta dogara da tsawon haɗuwar bawuloli da gudun injin. Dukkansu biyun suna sauyawa da bambancin matsin da ke tsakanin bututun iska da salansa. Akasarin waɗannan bayanai kwamfuta na samunsu daga na'urorin da suke jikin injin tun asali: mai ƙirga juyi, mai lura da matsayin sandar da ke buɗe bawuloli, mai auna matsi ko yawan iskar da ke shiga. Matsin salansa da zafinsa kuwa, a injinan fetur da yawa, su ma ƙiyasi ne daga jadawalin da kamfani ya tsara a ɗakin gwaji. Ƙiyasi ne aka ɗora a kan ƙiyasi, kuma nan ne raunin hanyar yake.

Na'urar auna oksijin a salansa, wadda Bosch ya samar kuma Volvo ya fara sa wa motocinsa a 1976, tana gyara kuskuren mai, amma bayan ƙuna ta riga ta wuce. Idan direba ya take totur kwatsam ko ya ɗaga ƙafa, kason ragowar kan sauya cikin 'yan juyi kaɗan, kafin labari ya iso daga salansa.

Lamarin ya ƙara nauyi da zuwan injinan da ke sauya lokacin buɗe bawul suna cikin tafiya. Alfa Romeo ya fara fitar da irinsu kasuwa a 1980, Honda ya biyo da VTEC a 1989, BMW da VANOS a 1992, Toyota kuma da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990. Da wannan, ragowar ta tashi daga abin da ake haƙuri da shi ta zama abin da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa yadda ta ga dama, har wasu injinan suka daina buƙatar bawul ɗin maido da hayaƙi.

Inda ƙiyasin ya fi tsanani shi ne injinan da ake son fetur ya kama da kansa saboda matsi, kamar dizil. A gwaje-gwajen irinsu akan rufe bawul ɗin hayaƙi da wuri don a tare zazzafar ragowa mai yawa, domin zafinta ne ke tayar da ƙuna ta gaba. Ke nan kowace ƙuna tana gadon wadda ta gabace ta: idan ɗaya ta yi rauni, hayaƙinta ya yi sanyi, ta bayanta ma ta makara. Don haka masu bincike suka koma ga na'urar auna matsi a cikin silindar kanta, domin daga yadda matsi ke hawa ana iya gano yawan abin da ke ciki da yadda ya ƙone, ƙuna bayan ƙuna. Injin Skyactiv-X da Mazda ya fitar a 2019, wanda ke haɗa fulogi da ƙunar matsi, yana da irin wannan na'ura a kowace silinda.

A garejin bakanike

Lissafin kwamfuta ya ginu ne a kan injin da yake yadda ya fito daga kamfani. Salansar da ta toshe tana ɗaga matsin baya, hayaƙin da ke saura ya zarce abin da kwamfuta ta zata. Cire matatar hayaƙi, wadda ake wa laƙabi da indomi a garejin Najeriya, yana karkatar da lissafin ta ɗaya gefen. Sarƙar tayimin da ta saki, ko baƙin man da ya yi kauri har ya hana na'urar sauya lokacin bawul komawa mazauninta, suna iya barin bawuloli biyu a buɗe tare fiye da kima a silo, sai mota ta riƙa rawa ko mutuwa a danja alhali fulogi da nozul lafiya lau suke. Tsayin ƙasa ma yana da tasiri: a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, matsin iskar sarari ya gaza na Legas da wajen kashi 13 cikin 100, abin da ya sa kwamfutocin motoci ke auna matsin sarari su sa shi cikin lissafinsu.