Waƙa Ta Tafi, Ina Rabon Mawaƙi?

Ɗan'uwa mai karatu, ka tuna daren da aka kewaye akwatin rediyo a ƙofar gida, a Ɗanciyawo ko Magarya ko Dungas, ana jin Mamman Shata ko Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Ka taɓa tambayar kanka ko me ya shiga aljihunsu a wannan dare?

A da, lissafin ba wuya. Mawaƙi ya je gaban sarki ko gidan biki, ya yi waƙa, a ba shi riga ko doki ko damin hatsi. Mai ji da mai biya suna wuri ɗaya.

Sai rediyo ta zo. An buɗe Rediyon Nijar a 1958. Mu mutanen bakin iyaka kuma muna kama Rediyon Kaduna. Mawaƙi ya rera sau ɗaya, a yi ta saka muryarsa shekara da shekaru. Sunansa ya kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Bayan haka kaset ya shigo kasuwa. Mai shago ya sayi guda, ya kwafi ɗari ya sayar, mawaƙi bai ga ko dala ba.

Don haka aka yi dokar haƙƙin mallaka a Nijar a 1993. A 1995 aka kafa ofishi mai suna BNDA. Aikinsa shi ne ya karɓi kuɗi daga masu amfani da waƙa, kamar gidajen rediyo, ya raba wa masu ita.

Amma kafa doka daban, biya daban. Dubi abin da ya faru a Nijeriya. A ƙarshen 2013, gidajen rediyo da talabijin suka yi rigima da COSON, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗi a wancan lokacin. Har suka ce sun daina saka waƙoƙin ƴan ƙungiyar. Sai a 2014 aka sasanta.

Yau tsofaffin waƙoƙi sun koma cikin salula. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma kullum ana jin su a YouTube. Idan waƙa ta jawo kuɗin talla, wanda ya ɗora ta ko wanda ya nuna shaidar mallaka shi ake biya. Haƙƙin waƙa kuwa gado ne, kamar gona. Ba ya mutuwa ranar da mai ita ya mutu.

To, ofis ba ya biyan wanda babu sunansa a takarda. Idan akwai makaɗi a garinku, ko magadansa, kai da ka iya rubutu yanzu ka zauna da su. Ku rubuta sunan kowace waƙa, da wanda ya ƙirƙire ta, da inda aka ɗauke ta. Kada su dangwala yatsa a wata takarda sai an karanta musu ita.