Haƙƙin Samun Lauya Ga Wanda Ake Tuhuma Da Fyaɗe: Tarihin Shari'ar Samarin Scottsboro, 1931 Zuwa 2013

1.0 Gabatarwa

Daga cikin laifuffukan da kotuna ke saurare, da wuya a sami wanda yake harzuƙa jama'a kamar fyaɗe. Laifi ne mai muni ƙwarai, wanda yake barin tabo ga wadda aka yi wa har iyakar rayuwarta. Saboda haka da zarar an ambaci sunan wani, sau da yawa jama'a sukan yanke masa hukunci tun alƙali bai zauna ba, lauyan da ya tashi kare shi kuwa a dube shi tamkar abokin laifi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi tarihin wata shari'a da aka yi a Jihar Alabama ta ƙasar Amurka, wadda aka fi sani da shari'ar samarin Scottsboro. Za mu yi ƙoƙari mu nuna yadda aka yi har kotuna suka yarda cewa rubuta sunan lauya a takarda bai isa a ce an kare mutum ba, sai lauyan ya sami lokacin yin aikinsa, kuma an sami masu kunnen sauraronsa.

Kafin mu shiga, yana da kyau mu bayyana wani abu game da tsarin kotunan Amurka. A can, idan laifi babba ne, akan zaɓo mutum 12 daga mutanen gunduma su zauna su ji shaidu, su ne kuma ke faɗin ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. A wannan takarda za mu riƙa kiran su masu taya alƙali.

2.0 Asalin Al'amarin

Ran 25 ga Maris 1931, a zamanin da tattalin arzikin Amurka ya karye, matasa marasa aikin yi sun ɗare taragun wani jirgin ƙasa na kaya da ya tashi daga Chattanooga zai nufi Memphis. A hanya faɗa ya kaure tsakanin samari fararen fata da baƙaƙen fata, aka kori yawancin fararen daga jirgin, su kuwa suka kai ƙara. Da jirgin ya iso tashar Paint Rock a Alabama sai aka tsai da shi, aka kama samari baƙaƙen fata guda 9, watau Haywood Patterson, Clarence Norris, Charlie Weems, Andy Wright da ƙanensa Roy, Ozie Powell, Olen Montgomery, Willie Roberson da Eugene Williams. Babu wanda ya kai shekara 20 a cikinsu, ƙanana biyu kuwa ba su wuce 13 ba. Montgomery ba ya gani sosai, Roberson kuma ciwo ya ci ƙarfinsa har da sanda yake tafiya.

A cikin jirgin an sami mata biyu fararen fata, Victoria Price da Ruby Bates, ma'aikatan masaƙa daga Huntsville. Su ne suka ce samarin sun yi musu fyaɗe. Aka kai samarin kurkukun garin Scottsboro, inda gungun mutane suka taru a daren nan suna neman a miƙo su su kashe su. Sai da gwamna ya aiko da sojojin jiha sa'an nan aka tsirar da su.

3.0 Shari'ar Farko

An fara shari'a ran 6 ga Afrilu 1931, kwana 12 kacal bayan kamun, dubban mutane kuwa sun cika garin. Tun farko Alƙali Alfred Hawkins ya ce ya naɗa dukan lauyoyin garin su tsaya wa samarin. To, aikin da aka ɗora wa kowa babu wanda ya ɗauke shi nasa. A safiyar shari'a aka sami mutum biyu. Ɗaya shi ne Stephen Roddy, lauyan cinikin gidaje da filaye daga Jihar Tennessee, wanda ya faɗa wa kotu da bakinsa cewa bai shirya ba, bai kuma san tsarin kotunan Alabama ba. Ɗayan shi ne Milo Moody, wani dattijo mai shekara 69. Ganawarsu da samarin ba ta wuce kamar rabin sa'a ba. Ba su binciki kome ba, ba su tsananta wa likitocin da suka duba matan tambaya ba, ba su kuma yi jawabin rufe shari'a ba.

Zuwa ran 9 ga Afrilu an gama da mutum tara. Masu taya alƙali, waɗanda dukansu fararen fata ne, suka yanke wa takwas hukuncin kisa. Shari'ar Roy Wright kuwa ta watse, domin ko da yake lauyan gwamnati ɗaurin rai da rai ya nema saboda ƙuruciyarsa, wasu daga cikin masu taya alƙali sun kafe sai kisa.

4.0 Hukuncin Powell, 1932

Ƙungiyoyi biyu suka yi ta jayayya a kan wadda za ta ɗaukaka ƙara, watau NAACP mai neman 'yancin baƙaƙen fata, da ILD wadda reshen shari'a ce na Jam'iyyar Kwaminis ta Amurka. Iyayen samarin suka zaɓi ILD. A watan Maris 1932 Babbar Kotun Alabama ta tabbatar da hukuncin mutum bakwai, ta ware Eugene Williams saboda yaro ne. Babban Jojin jihar, John Anderson, shi kaɗai ya ce ba a yi adalci ba.

Daga nan aka wuce Kotun Ƙoli ta Amurka. Ran 7 ga Nuwamba 1932, alƙalai 7 daga cikin 9 suka rushe hukuncin, a shari'ar da ake kira Powell da Jihar Alabama. Mai shari'a George Sutherland ya bayyana cewa lokacin da wanda ake tuhuma ya fi bukatar lauya shi ne tsakanin ranar da aka karanta masa tuhuma da ranar da aka fara shari'a, domin a nan ne ake bincike da neman shaidu. Ya kuma nuna cewa ko mai ilmi, in ba shari'a ya karanta ba, yana iya faɗawa rami alhali ba shi da laifi, balle yara marasa karatu da ke nesa da iyayensu. Kotun ta yanke cewa a laifin da hukuncinsa kisa ne, idan mutum ba shi da halin ɗaukar lauya, ba ya kuma iya kare kansa, wajibi ne jiha ta ba shi lauya, a kuma lokacin da lauyan zai iya yin amfani. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗora wa jihohi wannan nauyi bisa gyara na 14 na Tsarin Mulki.

5.0 Shari'ar Decatur, 1933

An mai da sabuwar shari'ar garin Decatur, gaban Alƙali James Horton. A wannan karo ILD ta ɗauko Samuel Leibowitz, shahararren lauya daga Niyok, wanda ya yi aikin ba tare da karɓar lada ba. A nan ne aka ga bambancin lauyan da ya shirya. Ya tsare Dakta R. R. Bridges da tambaya, likitan kuwa ya tabbatar da cewa ya duba matan cikin sa'a biyu da tsai da jirgin, ya same su a natse, bai ga irin raunukan da Price ta faɗa ba, maniyyin da ya gani kuma ya riga ya mutu, alamar ya daɗe. Daɗin daɗawa, Ruby Bates da kanta ta shigo kotu ta janye maganarta, ta ce babu wanda ya taɓa su, Price ce ta sa ta faɗi haka don kada a ɗaure su da laifin yawon banza.

Duk da haka aka sake yanke wa Patterson hukuncin kisa ran 9 ga Afrilu 1933, bayan wani lauyan gwamnati ya zuga masu taya alƙali da cewa kada su bari a sayi shari'ar Alabama da kuɗin Yahudawan Niyok. Amma ran 22 ga Yuni Alƙali Horton ya soke hukuncin, ya bi shaidar Price dalla-dalla ya nuna ba ta da mai goyon baya, ta kuma saɓa wa shaidar likita. Wannan jaruntaka ta ci masa kujerarsa a zaɓen 1934.

Akwai wani darasi a nan da bai kamata mu tsallake ba. Leibowitz ya shafe sa'o'i yana tonon asirin rayuwar Price ta baya, abin da ya ƙara fusata mutanen yankin, suka ga baƙo ya zo yana ci wa 'yarsu mutunci. Alƙali William Callahan, wanda ya karɓi shari'ar a ƙarshen 1933, sai ya karkata ɗaya gefen gaba ɗaya. Ya hana ko da tambayar inda Price ta kwana da wanda ta sadu da shi kafin hawan jirgin, alhali wannan ce tambayar da za ta bayyana asalin abin da likita ya gani. Watau dai an cakuɗa abu biyu da ya kamata a rarrabe, ɓata sunan mai ƙara da kuma hujjar da ta shafi abin da ya faru a ranar.

6.0 Hukuncin Norris Da Abin Da Ya Biyo Baya

Tun a Decatur Leibowitz ya hango cewa ba zai ci nasara gaban waɗannan masu taya alƙali ba, saboda haka ya kafa hujja a rubuce cewa ba a sa baƙaƙen fata cikin rajistar da ake zaɓo su. Daga baya aka ga wasu 'yan sunayen baƙaƙen fata a ƙarshen shafukan rajistar gundumar Jackson, masanin rubutu kuwa ya shaida cewa cusa su aka yi daga baya. An kai littattafan har gaban alƙalan Kotun Ƙoli suka duba da gilashin ƙara girman rubutu. Ran 1 ga Afrilu 1935, a shari'ar Norris da Jihar Alabama, Babban Joji Charles Evans Hughes ya sanar da rushe hukuncin, domin ware baƙaƙen fata ya saɓa wa Tsarin Mulki.

Amma fa nasara a Washinton ba ta buɗe ƙofar kurkuku a Alabama ba. A watan Janairu 1936 aka sami Patterson da laifi karo na huɗu, aka ɗaure shi shekara 75. A watan Yuli 1937 aka yanke wa Norris kisa, wanda aka sassauta zuwa rai da rai a 1938, Andy Wright shekara 99, Weems shekara 75. Powell, wanda 'yan sanda suka harba a ka bayan ya yanki ɗayansu da wuƙa, an janye masa tuhumar fyaɗe aka ba shi shekara 20 a kan wancan laifi. Sauran huɗun aka sallame su bayan shekara 6 a tsare, bisa shaidar nan guda da aka ɗaure 'yan'uwansu da ita. An yi wa Weems sakin talala a 1943, Patterson ya gudu a 1948 ya rasu a 1952, Andy Wright bai fita ƙarshe ba sai 1950. Gwamna George Wallace ya yi wa Norris afuwa a 1976. Patterson da Weems da Andy Wright kuwa sai a watan Nuwamba 2013 aka wanke su, dukansu suna kabari.

7.0 Gadon Shari'ar

Ƙofar da hukuncin Powell ya buɗe ƙarama ce, domin laifuffukan kisa kurum ta shafa. Sai a 1963, a shari'ar Gideon, Kotun Ƙoli ta wajabta wa jihohi ba kowane matalauci lauya a duk babban laifi. A 1984 kuma, a shari'ar Strickland, ta kafa ma'aunin gane lauyan da sakacinsa ya kai a rushe hukunci. Game da hukuncin kansa, tsakanin 1930 da 1972 an kashe mutum 455 a Amurka saboda fyaɗe, 405 daga cikinsu baƙaƙen fata ne. A 1977, a shari'ar Coker, aka haramta kisa a kan fyaɗen babbar mace.

A ɗaya ɓangaren, ƙungiyoyin mata sun yi ta kokawa da yadda lauyoyi ke mai da mai ƙara abar tuhuma, har mata da yawa suka gwammace su yi shiru. Jihar Michigan ta yi doka a 1974 mai taƙaita tambayar mace game da rayuwarta ta baya, kotunan tarayya suka bi sahu a 1978 da ƙa'ida ta 412. Abin lura shi ne ƙa'idar ta bar ƙofa ga hujjar da za ta nuna cewa maniyyi ko rauni daga wani mutum dabam ya fito, watau ainihin tambayar da Callahan ya hana a 1933.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun ga cewa samarin Scottsboro sun sami lauya tun ranar farko, amma a suna kurum, aka yanke musu kisa cikin kwana huɗu. Da suka sami gwanin lauya, gaskiya ta bayyana a fili, sai dai masu yanke hukunci sun toshe kunnuwansu. Ba mu kawo wannan tarihi don mu ce ƙarar fyaɗe yawanci ƙarya ce ba, domin matan da aka zalunta ba su sami mai share musu hawaye ba sun fi gaban lissafi, kuma a Alabama ta wancan zamani mace baƙar fata da wuya ma a saurari ƙararta. Abin da muke cewa shi ne, iyakar munin laifi iyakar bukatar a tabbatar da wanda ya aikata shi. Saboda haka muna ganin duk mai nazarin kowane tsarin shari'a ya kamata ya tambaya, yaushe aka ba wanda ake tuhuma lauya, lokaci nawa lauyan ya samu na bincike, su wane ne za su saurare shi, kuma ina aka ja masa iyaka game da mutuncin mai ƙara.