Farautar Barewa a Tudun Kaibab

A ƙasar Amurka, maharbi ba shi da ikon shiga dajin gwamnati ya yi farauta inda ya ga dama. Hukuma ce take shata masa wuri da lokaci. Tarihin Tudun Kaibab, wato wani tsauni mai kwazazzabai a arewacin jihar Arizona, ya bayyana hikimar wannan tsari.

A shekarar 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe dajin, aka hana farautar barewa, aka kuma dinga kashe zakunan dutse da kyarketai masu cin ta. Bareyin, waɗanda aka ƙiyasta yawansu da kimanin 4,000, suka hayayyafa har suka cinye ganyen dajin ƙarƙaf. Daga hunturun 1924 yunwa ta halaka dubbai. Gwamnatin tarayya ta nemi a rage su, jihar Arizona ta ƙi amincewa, sai a 1928 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa tarayya ikon kare dajinta.

Ashe ke nan, yawan abincin da daji yake iya bai wa dabba shi ne ma'aunin inda ya dace a yi farauta.