Labarin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Malami Kuma Maigida, da Zamansa a Ƙasar Zamfara

Galibin mutane idan an ambaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, sai hankalinsu ya tafi ga tuta da takobi, ga Tabkin Kwatto da Alƙalawa. Amma kuwa shekarun yaƙin kaɗan ne cikin kwanakinsa. Kafin a zare takobi ya shekara talatin yana zaune bisa buzu yana karantarwa, biyar daga cikinsu kuwa a nan ƙasar Zamfara ya yi su.

An haife shi a Maratta, ƙasar Gobir, cikin shekarar 1754, ya tashi a Ɗegel. Ya yi karatu wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, da Malam Usmanu Binduri, da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ya bi har Agadas. Ya zauna kuma a majalisin Malam Hashimu Bazamfare, ya ji tafsirin Alƙur'ani daga bakinsa. Yana da shekara ashirin ya soma wa'azi.

Wajen 1786 ya shigo Zamfara, shi da ƙanensa Abdullahi. A zamanin nan ƙasar tana cikin wulakanci, gama tun Shehu yana yaro Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa a ƙasarsu, sarakunan Zamfara suka watse, waɗansu suka fake a Kiyawa. Talakawa kuwa da yawa sunan Musulmi kaɗai gare su, ba su san alwala ba balle farillan salla. Shehu ya sauka Faru, yana fita ƙauyuka. Ba ya nufin fada, sai inda jama'a su ke. Ya kan faɗa musu abin da ya wajaba da harshen da su ke ji, Fulatanci ga Fulani, Hausa ga Hausawa, ya kan kuma sa shi cikin waƙa domin wanda bai iya karatu ba ya riƙe.

Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana halinsa na karantarwa. Ya ce idan zai fito wurin jama'a ya kan tsaya kaɗan a tsakar gida, ya yi waɗansu kalmomi a asirce. Da Bello ya tambaye shi, sai ya ce niyya ya ke sabuntawa, domin kada abin da zai faɗa ya zama don wanin Allah. Sa'an nan ya fito da sakin fuska, ya yi sallama da muryar da kowa zai ji. Idan wani ya katse shi da tambaya, ko da ta wauta ce, sai ya dakata ya amsa, ba ya fushi, ba ya gajiya.

Abin da ya jawo masa magana a wannan yawo shi ne mata. Suna zuwa majalisinsa, bai kuwa kore su ba, sai ya keɓe musu wurinsu. A wani gari da a ke kira Daura wani malami Babarbare, Mustafa Gwani, ya aiko masa da waƙa yana zarginsa da haɗa maza da mata. Shehu ya umurci Abdullahi ya mayar da jawabi. Abdullahi ya ce ba su cuɗanya kowa ba, kuma barin mata cikin jahilci, ba su san Ubangijinsu ba, ɓarna ce da ta fi wadda a ke tsoro. Wannan ba hujjar baki kaɗai ba ce, gama abin da Shehu ya faɗa a dandali shi ya ke yi cikin gidansa. Cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da su ke tara almajirai a zaure domin a yabe su, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna ciki ba wanda ya koya musu ko tsarki. Shi kuwa matansa sun yi karatu, 'ya'yansa mata sun yi. Hadiza ta zama malama, ita ta haifi Abdulƙadiri ɗan Tafa, masanin nan. Maryamu ta yi waƙoƙi. A 1793 aka haifa masa tagwaye, namijin ya sa masa Hasan, macen kuwa maimakon Husaina sai ya kira ta Asma'u. Ita ce Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta naɗa jajis, ta ba kowace malfa, ta aike su ƙauyuka su karantar da 'yan taru, har ta rasu a 1864.

Ga sha'anin dukiya kuwa, an ruwaito riga ɗaya gare shi, da wando ɗaya, da rawani ɗaya, yana tufka igiya a sayar ya ci daga gumin hannunsa. A 1788, ranar Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami, ya raba musu kyauta, ya ba Shehu zinariya miskali 500. Shehu ya ƙi karɓa. Ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane ga Allah, kada a hana wanda ya so amsawa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Cikin waɗanda aka saki har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara.

Da al'amari ya ɓaci tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shekara mai zuwa jama'a suka sauka Sabon Gari cikin Zamfara, ga yunwa ta matsa. A nan gaskiya ba ta ɓuya: waɗansu mayaƙa suka miƙa hannu ga abincin talakawa, har Zamfarawa da yawa waɗanda suka tarbe su da murna suka juya musu baya. Abin da malami ya shekara biyar yana ginawa da baki, hannun mabiya ya kusa rushe shi cikin 'yan watanni. Amma Alibawan Zurmi sun tsaya. Daga cikinsu Muhammadu Namoda ya fito, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa. Yana cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, sa'an nan ya faɗi a yaƙin Kiyawa a 1810.

Da ƙasa ta kwanta Shehu bai zauna gadon mulki ba. Ya koma Sifawa, ya shimfiɗa buzu, almajirai suka kewaye shi kamar dā. A 1812 ya raba sha'anin ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuwa ya ci gaba da karantarwa da wallafa littattafai. A 1815 ya ƙaura zuwa Sakkwato, ciwo ya kama shi, ya rasu ran 20 ga Afrilu, 1817, aka rufe shi a cikin gidansa, wurin da a ke kira Hubbare. Allah ya jiƙansa, amin.