Dogon Kawu da dogon gwamnati

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Yau tarihin layin dogo za mu taɓa, amma daga wani lambu a nan Kazaure zan faro, ku ɗan yi haƙuri da ni.

Kawuna, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara kusan talatin yana aikin reluwe a layin Kano zuwa Nguru, yawanci a wajen Malam Madori. Shi ba direba ba ne. Yana cikin mutanen nan da ke bin dogo a ƙafa tun da sassafe da guduma da sifana, suna duba inda kusa ta kwance da inda ruwa ya ci ƙasa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, garin da jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba, sai ya yi abin da ya sa 'yan unguwa suka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Ya sayo rodi, ya yanka katako guntu-guntu, ya shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a lambunsa, ya zagaye bishiyoyin mangwaro da shi. Taragun da tsofaffin galan ya yi su, tayoyin kuma boris ne na babur. Har gada ya yi masa a kan hanyar ruwan da yake ban ruwa da ita, da 'yar tasha mai rufin kwano. Mu yara mu muke turawa, muna loda mangwaro da tumatir, shi yana tsaye da usur. Da yawa cikin abokaina, jirgin ƙasa na farko da suka gani a rayuwarsu shi ne wannan.

Bayan rasuwarsa babu wanda ya kula. Daminar 2022, wadda duk ɗan Jigawa ya san irin ɓarnar da ta yi, ita ta ƙarasa shi. Bara na ce wallahi sai mun tashe shi, na tara yaran unguwa da wani tsohon mai walda abokin Kawu. Ni da nake ji da digiri na ɗauka aikin yini biyu ne. Muka miƙe rodin, muka jera katako da ido, muka ɗora tarago, muka tura. Yana kaiwa kwanar farko ya kife. Muka gyara, ya sake kifewa. Tsohon nan yana zaune a gindin mangwaro yana kallonmu, sai da muka gaji ya ce, “Kai ɗan boko, ina ma'aunin kawunka?” Na ce, “Baba, wane ma'auni?” Ya tura yaro zaure, aka ɗauko wani guntun ƙarfe da na yi shekaru ina gani rataye a ƙusa ban san amfaninsa ba. Ashe Kawu ya yanka shi daidai tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu, kuma duk katakon da zai kafa sai ya gwada da shi.

Daga baya na gano akwai masu irin wannan sha'awar a duniya. A Ingila akwai wani wuri, Bekonscot, ƙauye ne na ƙananan gine-gine da aka buɗe tun 1929, da jiragen wasa suna zagayawa a fili. A Jamus wani kamfani ya fito da jiragen LGB a 1968, waɗanda aka ƙera musamman don su jure ruwa da rana, tazarar dogonsu milimita 45. Kawu bai taɓa jin labarinsu ba. Amma wannan guntun ƙarfen nasa shi ya sa na koma karatun tarihin dogo a Najeriya da wani ido daban.

Turawa sun fara ginin dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901. Na Arewa kuwa daga Baro aka faro shi, wani gari a bakin kogin Neja, a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne da ya yi irin wannan aikin a Sudan. Da hannun talakawa aka yi shi, yawancinsu ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, ba wai sun kawo kansu ba ne. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama abu guda. Tazarar da aka zaɓa ita ce ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067, saboda ta fi araha kuma ta fi sauƙin lanƙwasawa a kwana.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne yadda manoma suka juya lissafin. Turawa auduga suka sa rai, don masaƙun Ingila. Manomin ƙasar Kano ya duba farashi, ya duba wahala, ya ga gyaɗa ta fi masa: idan kasuwa ta faɗi ma zai iya cin abarsa, auduga kuwa ba a miya da ita. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, daga nan kuma irin su Alhassan Ɗantata suka ƙara bunƙasa. Wato dai wanda ya gina dogo da nufinsa, wanda ke bakin dogon ma da nasa, kuma a wannan karon na manomi ne ya yi tasiri.

To ina Kazaure a ciki? Babu ita. Daga Zariya aka ja reshe ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Daga Kano aka ja wani ta Ringim da Malam Madori har Nguru a 1930. A 1964, bayan samun 'yancin kai, dogo ya kai Maiduguri. Amma arewacin Kano, wato Dambatta, Kazaure, Daura, har birnin Katsina kansa, an bar mu da jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci. Manomin Roni ko Gwiwa ko Babura ya noma gyaɗar da ta shiga dala, amma sai ya biya kuɗin kai ta inda jirgi yake, ko ya sayar wa ɗan baranda a yadda ya ga dama. A fahimtata dalilin ba boyayye ba ne: dogon mulkin mallaka bututu ne na zuƙo kaya zuwa teku, kuma tunda kayanmu suna isa Kano ko ta yaya, babu wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a kanmu. Masarautar da Ɗan Tunku ya kafa tun wajen 1819 ta yi shekara fiye da ɗari tana jin labarin jirgi daga bakin matafiya.

Akwai wani ɗan dogo da ba a cika ba da labarinsa ba, kuma shi ya fi kama da na Kawu. An gina shi daga Zariya zuwa Jos don kwaso kuza, aka gama wajen 1914, tazararsa ƙafa 2 da inci 6 kacal. Ƙananan injina ne, masu tafiyar hawainiya. Matsalarsa ita ce duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodawa a babban jirgi, tunda tayoyinsa ba sa hawa ɗaya dogon. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, sai amfaninsa ya fara raguwa, a 1957 aka rufe shi gaba ɗaya. Bambancin inci 12 ne ya kashe shi.

Ku riƙe wannan, don yanzu za mu zo kan namu. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, da wani reshe zuwa Dutse. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Na ji masu cewa an yi shi ne don Nijar kawai, ni dai ban yarda ba, don duk wanda ya san kasuwancin Kano da Maraɗi ya san ya girmi Najeriya da Nijar ɗin duka. Abin da ya dame ni daban ne.

Sabon dogon tazararsa milimita 1,435 ce, irin ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Tsohon dogon da ya tashi daga Kano zuwa Legas, da wanda Kawu ya yi wa bauta zuwa Nguru, 1,067 ne. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Kenan buhun riɗi da aka loda a Kazaure ba zai kai tashar jiragen ruwa ta Legas a tarago ɗaya ba sai an gama Kano zuwa Kaduna, sannan an cike giɓin da ke tsakanin Abuja da Ibadan. Kafin nan sai dai a sauke a Kano a sake lodi, irin na ɗan dogon kuza. Kuma ko a Nijar ɗin, dogon da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso daga 2014, wajen kilomita 140, tazarar mita ɗaya ce, ma'auni na uku kenan. An yi bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe, amma bai taɓa zama hanyar sufurin jama'a ba. Na Kawu ma ya fi shi, tunda shi ko mangwaro ya ɗauka.

Mu koma lambu, don darasi na biyu ya fi na farko zafi. Bayan mun gyara tazara da ma'aunin Kawu, tarago ya zagaya lafiya, yara suka yi ta ihu, na ɗauki bidiyo. Sati biyu aka yi ruwa mai ƙarfi cikin dare. Da safe na je na tarar da kusan taku goma na dogon a rataye, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tafi. Da muka tona sai ga wasu guntayen bututu guda uku da Kawu ya binne a ƙarƙashin dogon, duk sun toshe da laka. Kwalbatocinsa ne. Mu mun ɗora ƙarfe a kai ba mu ma san da su ba. Sai tsohon mai waldan ya ce, “Duk ranar Juma'a bayan la'asar kawunka yana zura sanda a cikin waɗannan. Ku kuna ganin wasa yake.” Na tuna kuwa, ina ganinsa yana yi. Haka nan tsakuwar da ya zuba, na ɗauka ado ce, ashe ita ke riƙe katako ta bar ruwa ya tsiyaye.

A nan na gane me ya faru da babban dogon Najeriya. Ba rana ɗaya ya mutu ba. An kafa hukumar jiragen ƙasa a 1955, lokacin jirgi ne ƙashin bayan sufuri. Da kuɗin mai ya zo hankali ya koma kan titi da tirela, gyaɗa ta ja baya, masu bin dogo a ƙafa irin su Kawu suka yi ta raguwa. Dogon da ba a bi kuwa, damina ɗaya tana cin kaɗan, ta biyu ta ƙara, har ranar da za a wayi gari jirgi ba ya iya wucewa. Ku je ku ga wasu tsofaffin tashoshin layin Nguru, ba sai na faɗa muku ba.

Ƙasarmu nan ta duwatsu ce da kwaruruka, wanda ya san Roni ya san yadda ruwa ke gangarowa. Sabon dogon tudu ne dogo da aka tara ya ratsa gonaki. Duk inda kwalbati ya yi kaɗan ko ya toshe, gonar wani ce za ta zama tafki. Duk inda ba a bar mashiga ba, makiyayi da shanunsa, da yarinya mai zuwa makaranta, sai sun yi dogon zagaye ko su yi kasadar tsallakawa. Waɗannan su ne tambayoyin da nake so mu matasa mu riƙa yi wa wakilanmu tun yanzu, tun kafin a yi bikin yanke ƙyalle kowa ya watse. Sannan tashar Kazaure, ta fasinja ce kawai, ko da wurin lodin kaya? Don idan jirgi zai tsaya minti biyar ya ɗauki masu jaka ya wuce, manomin Gwiwa yana nan inda kakansa yake a 1930.

Sai kuma wa zai bi dogon a ƙafa. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a cikin garin nan, ga jami'ar sufuri a Daura kusa da mu. Ban ga dalilin da zai sa bayan 'yan kwangila sun tafi a rasa ɗan Kazaure da ya iya gwada tazara da duba kwalbati ba. Na san ba aikin da ake ɗaukar hoto da shi ba ne, ni ma da aka ce in zaɓa a da, ofis mai sanyi zan ce. Amma shi ne aikin da ke daɗewa.

A lambu dai yanzu mun tone bututan uku mun wanke, mun ƙara na huɗu a inda ruwa ya nuna mana yana so ya bi. Tsakuwa ce ta rage, muna neman kamar baro shida, wanda yake da hali ya yi mana magana ta saƙo. Mun raba wa yara aiki, kowane biyu da nasu yankin da za su duba ranar Juma'a, kuma wata yarinya 'yar aji biyar ita ke riƙe da ma'aunin, don ta fi mazan duka haƙurin gwadawa. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu sake tura tarago, in Allah ya yarda. Wanda yake kusa ya zo da ƙannensa, amma a zo da takalmin da ba a jin tausayinsa, akwai laka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.